Tirelar doki da mutum ɗaya: yadda wani dattijo ya koyi jona ta da mota babu mai taya shi

Asalin lamarin

Gidan yana wani ƙauye mai nisan kilomita 28 daga birnin Zariya. Maigidan dattijo ne da ya haura shekara 60, tsohon ma'aikacin gwamnati, kuma tun yana saurayi yake hawa a tawagar hakiminsu. Doki ɗaya gare shi, akawal, wanda yake ji da shi kamar ɗan cikinsa. Ban da hawan Sallah yana fita kilisa, kuma akan gayyace shi hawan angwanci a garuruwan da ke kewaye. Ni maƙwabcinsa ne, Baba nake ce masa, kuma akasarin awon da ke cikin wannan rubutu tare muka yi shi.

Da can a bayan a-kori-kura ake kai dokin, a buɗe, an ɗaɗɗaure shi da igiya, yaro yana riƙe da ragama. Ranar da dokin ya zame a wata kwana ya kuje gwiwa, Baba ya ce an yi na ƙarshe. Ya sayi tirelar doki ta hannu, ƙirar Ingila, a wurin wani mai wasan ƙwallon dawaki a Kaduna. Kada mai karatu ya ɗauka irin tirelar nan ce ta manyan hanyoyi. Ɗan ɗaki ne a kan taya huɗu, mai gurbin doki biyu, da ƙofar baya da ake saukewa ta zama matakar doki. Nauyinta babu kowa a ciki ya kusa kilo 1,000.

A gabanta akwai dogon wuya na ƙarfe. A ƙarshen wuyan akwai baki mai kamar ƙoƙo a kife, da hannu a samansa. A bayan mota kuma akwai ƙwallon ƙarfe da bai wuce ƙaramin lemo ba. Ƙoƙon ne ke sauka ya haɗiye ƙwallon, wani harshe a ciki ya kama shi ta ƙasa. A gefen wuyan akwai ƙaramar taya mai abin murɗawa, ita ke ɗaga bakin ta sauke shi. Sai hambirkin tirelar, da wayar wuta, da wata siririyar igiyar ƙarfe mai ƙugiya.

Kafin a jona, sai abu uku sun zo daidai lokaci guda: hagu da dama, nisa, da tsayi. Kuskuren da aikin ke ɗauka bai wuce kaurin yatsa ba. Direba kuwa ba ya ganin ƙwallon, ba ya ganin bakin, ƙofar bodi ta tare masa duka.

Shekara biyu wannan bai taɓa zama matsala ba, saboda akwai yaron doki. Shi ke tsayawa a gefe yana cewa “taho, taho, hagu kaɗan, tsaya.” Sauran aikin ma shi ke yi, Baba yana zaune a mota har sai an bubbuga masa bodi. A watan Rajab yaron ya samu gurbin karatu a wata jiha, Baba da kansa ya biya masa kuɗin mota. 'Ya'yan gidan manya duk suna birni. Fitar doki kuma ta asuba ce, lokacin da ba ka buga wa maƙwabci ƙofa. Akwai jikoki ƙanana, amma Baba ya ce ba zai tsayar da yaro tsakanin mota da ƙarfe mai nauyin tan guda ba, ko da kuwa zai fasa hawan. Ƙaramar Sallah saura wata uku ba kaɗan.

Rajab, mako na farko: ido da madubi

Ya fara da abin da kowa zai fara da shi. Ya sa ribas, ya dubi madubi, ya matso, ya sauko ya duba, ya koma. Ranar farko sau 11 ya sauko, aikin ya ci minti 25, kuma ƙwallon bai taɓa tsayawa ƙarƙashin bakin ba. In ya gyara hagu sai ya zarce dama. In ya samu tsakiya sai nisa ya ɓaci. A karo na tara bakin tirelar ya daki lambar motar ya lanƙwasa ta.

Abu biyu suka fito a makon. Na ɗaya, yana fara ribas ne daga kusa, a karkace, yana son ya gyara a cikin mita ɗaya ta ƙarshe. Mota kuwa in tana ja da baya tayoyin gaba ne ke karkata, gindinta ba ya matsawa gefe sai an ba shi fili. Na biyu, motar mai canza giya da kanta ce. In ya tsaya daidai ya sa ta a fakin ya ɗaga ƙafa daga birki, sai ta ɗan gangara yatsa biyu kafin ta zauna. Yatsa biyun nan su ne duk abin da ake nema. Maganin wannan bai yi wuya ba: ƙafa na kan birki a ja hambirki tukuna, sannan a sa fakin.

Rajab, mako na biyu: jan tirela da hannu

Da ya ga mota ta ƙi zuwa wurin tirela, sai ya ce bari tirela ta zo wurin mota. Ya tsaya taƙi ɗaya daga bakin, ya saki hambirkin tirelar, ya rungumi wuyan ya ja.

Tirela mai taya huɗu ba amalanke ba ce. Tayoyin gaba da na baya suna riƙe juna, ba ta yarda a karkata ta gefe da hannu sai da ƙarfin gaske. Tsakar gidan kuma rairayi ne, ƙaramar tayar ta nutse har rabi. Ga shi filin yana da ɗan gangare zuwa baya, wanda aka yi don ruwan sama ya wuce. Da ya samu ya girgiza ta, maimakon ta zo gaba sai ta fara sulalewa baya. Ya fizgi hambirki, amma sai da ta ƙara tafiya kusan santimita 30 kafin ta tsaya.

Wannan ya tsorata shi, ya ɗauka birkin ya mutu. Bai mutu ba, haka ƙirar take. Irin wannan tirela ba ta karɓar birki daga ƙafar direba. In mota ta rage gudu, tirelar kan turo wuyanta ya shige ciki, turowar ce ke jan birkin tayoyinta. To ribas ma turowa ce, don haka aka yi birkin yadda zai saki in taya ta juya baya, in ba haka ba mota ba za ta iya ja da baya da ita ba. Shi ya sa ko an ja hambirki takan ɗan koma baya kafin ya kama sosai, musamman in ba a ja shi har ƙarshe ba. Tsofaffin yaran mota da ba sa rabuwa da weji sun san abin da suke yi. Tun daga ranar Baba ya sa kafinta ya yanko masa weji huɗu.

Ya kuma samu ciwon baya da ya kwantar da shi kwana huɗu.

Ƙarshen Rajab: waya, kyamara da sanduna

Ɗansa na birni ya kawo shawarar waya biyu: a jingine ɗaya tana kallon ƙwallon, a kira ta da bidiyo daga cikin mota. Hoton yana zuwa a makare, in ka ga ƙwallo ya iso to ya riga ya wuce. An bar wannan a rana ɗaya.

Sai aka sa wa motar kyamarar ribas mai araha a saman lamba. Ta taimaka wajen hagu da dama da rana. Amma gilashinta mai faɗaɗa hoto ne, yana nuna abu da nisa alhali ya iso, kuma daga sama take kallo, ba ta nuna ko bakin ya fi ƙwallon tsayi ko bai kai ba. Da asuba, ga duhu ga ƙurar hunturu a kan gilashin, inuwa kawai ake gani.

Abin da ya fi su amfani bai ci ko sisi ba. Baba ya samo gora biyu sirara, kowace mita ɗaya da rabi. Ya ɗaure ɗaya a tsaye a kan bakin tirela da roba, ɗayar ya tsayar da ita a tsakiyar ƙofar bodi, daidai saman ƙwallo. Ya ɗaura wa kowace farin ƙyalle a ka. Daga madubin tsakiya, in ƙyallen biyu suka hau kan juna suka zama ɗaya, to mota tana kan layi. Ya kuma koyi fara ribas daga nesa, kamar tsawon mota biyu, yana gyara da ɗan taɓa sitiyari tun da wuri. Saukowa ta ragu daga 11 zuwa huɗu ko biyar. A ganinsa an gama.

9 ga Sha'aban: tirela ta kuɓuce

Da sassafe zai kai tirelar wurin mai faci a duba iska. Babu doki a ciki. Ya jera gorarsa, ya matso, ya sauke bakin a kan ƙwallo. Bakin ya sauka, hannun ya kwanta, ko da yake bai ji ƙarar nan ta “ƙwas” ba. Ya girgiza wuyan da hannu, bai motsa ba. Ya zagaya igiyar ƙarfen a wuyan ƙwallon, ya jona wuta, ya shiga mota.

A ƙofar gidan akwai ɗan tudun kwalbati. Tayoyin baya na mota suka hau suka sauka, gindin motar ya yi ƙasa, wuyan tirela ya yi sama. Bakin ya fita daga ƙwallo kamar an cire hula. Igiyar ƙarfen ta bi shi ta zame ta saman ƙwallon, ba ta ja komai ba. Wuyan ya faɗi a kan ƙaramar taya ya lanƙwasa ta, wayar wuta ta tsinke, tirelar ta karkace ta daki ginshiƙin ƙofa ta tsaya.

Duk wannan a tafiyar da ba ta fi ta mai tafiya a ƙasa ba. Na iso na tarar da shi tsaye, hannunsa a kan bodi, yana ta salati. Hanyar da ke gaban ƙofar nan ita almajirai ke bi kowace safiya, rabin sa'a kawai ta raba su da abin. Bai yi maganar ginshiƙi ko ta kuɗin gyara ba. Abin da ya ce shi ne, “Da yana ciki fa?”

Tsakiyar Sha'aban: abin da bakanike ya gano

Baba ya kira yaron a waya ya ba shi labari. Yaron ya ce, “Baba, ai ba ta kamawa haka nan. Sai na hau kan wuyan na yi tsalle sau biyu ko uku. Wajen cirewa ma sai na doke ta da ƙafa.” Shekara biyu yana yin haka, bai taɓa faɗa ba, don a zatonsa haka kowace tirela take.

Aka ɗauko wani tsohon bakaniken manyan motoci daga Zariya. Bai taɓa tirelar ba sai da ya goge ƙwallon da tsumma da fetur. A samansa an buga lamba 2 da alamar inci. Ya ce, “Alhaji, motarka daga Amurka ta zo, tirelarka daga Ingila. Ba a aura su ba.”

Ga yadda abin yake. A Turai ƙwallon da ake jan irin wannan tirela da shi kaurinsa milimita 50 ne. A Amurka da inci suke awo, kuma girma uku suka fi yawa: inci 1 da 7/8, inci 2, da inci 2 da 5/16. Inci 2 milimita 50.8 ne. Bambancinsa da na Turai bai kai milimita ɗaya ba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai wannan kimar ta fi ƙarfin ido. Ƙoƙon yakan sauka a kan ƙwallon ya matse shi, har in ka girgiza ka ji gam, alhali harshen ciki bai zagaya ƙasan ƙwallon ya kulle ba. Nauyin wuya ne kawai ke riƙe da shi. Tsallen yaron shi ke tilasta harshen ya shiga. Da yaro ya tafi, tsalle ya tafi.

A gefen hannun bakin, ƙarƙashin tsohon giris da ƙura, bakaniken ya tono wata 'yar alama mai nuna ko baki ya kulle daidai ko bai kulle ba, da kuma ko ya cinye. Babu wanda ya san da ita a gidan.

Ya auna tsayi kuma. Daga ƙasa zuwa tsakiyar ƙwallon santimita 52. Ƙa'idar Turai ta sa shi tsakanin 35 da 42 in mota tana ɗauke da kaya, kuma da aka daidaita tirelar a kwance sosai bakinta ya tsaya a 43. Ke nan duk tafiyar da aka yi a baya, tirelar hancinta a sama yake, nauyi ya koma kan tayoyin baya, dokin yana tsaye a kan gangare tun daga gida har Zariya. Irin wannan zama yana sa tirela wutsil-wutsil a kan hanya, yana kuma ƙona tayoyin baya. Da muka duba, na bayan sun fi na gaban cinyewa a fili.

Wani mai walda da ke wurin ya ce a kawo ya goge ƙwallon da injin gurza ya rage shi. Bakaniken ya ƙi. Ya ce ƙwallon da aka gurza da hannu ba ya fitowa a mulmule, zai riƙa cin ƙoƙon ta gefe ɗaya, kuma ba wanda zai iya cewa ga inda ya tsaya. Sai da aka yi kwana shida kafin a samo ƙwallo mai lamba 50 a Kaduna, da maɗaurin da ke sauko da shi santimita 10. Aka ɗaure notin da dogon sifana. Tsayi ya dawo 42. Da aka sauke bakin, ya faɗa da kansa, ya yi ƙarar da kowa ya ji, alamar ta nuna ya kulle kuma ƙoƙon bai buɗe ba duk da wahalar da ya sha.

Igiyar ƙarfen ma an yi mata bayani. Aikinta shi ne in tirela ta rabu da mota, ta fizgi hambirki ya kama sannan ta tsinke. Ba za ta yi haka ba sai an maƙala ta a wurin da ba za ta zame ba. A jikin ƙarfen motar da ke ɗauke da ƙwallon akwai kunnuwa biyu masu rami, nan aka koma sa ƙugiyar, da ɗan sassauci yadda ba za ta ja birki a kwana ba, ba kuma za ta ja ƙasa ba.

Wuta ta ci kwana guda a wurin mai gyaran wayar mota. A tsarin wayar tirela ta Amurka, waya ɗaya ke ɗaukar birki da sigina na kowane gefe. A na Turai kowanne da tasa. Dā an haɗa su ne da dabara, shi ya sa siginar tirelar ba ta taɓa yin daidai ba. Aka ja sababbin wayoyi aka sa soket mai zagaye irin na tirelar.

Ƙarshen Sha'aban: gyaran wuri

Bayan ƙarfe sai ƙasa. Baba ya sa aka yi daɓen siminti a miƙe, babu gangare, inda tirelar ke kwana, har ya wuce gabanta da tsawon mota. Aka ajiye ta, aka sa weji, aka zana wurin kowace taya da fenti don kullum ta dawo nan. Daga nan muka jona ta da mota sau ɗaya a tsanake, ni ina nuna masa. Mota na tsaye a wurin, muka ja farin layi daga tayar baya ta gefen direba zuwa gaba, mita shida. Muka kafa guntun katako a bayan tayar, aka kama shi da ƙusoshin siminti.

Yanzu a gida ba ya ma buƙatar gora. Yana leƙa madubin gefe, ya ɗora taya a kan farin layi, ya bi shi a hankali har ya ji taya ta taɓa katako. In ta taɓa, ƙwallo yana ƙarƙashin baki.

Amma daɓe ba ya bin mutum zuwa Zariya. Don waje, bakaniken ya koya masa dabarar dutse, kuma ita ce ta fi burge ni. Gora biyu su ba ka layi. Ka tsaya da gangan kafin ka iso, kamar kamu ɗaya. Ka sauko ka auna ratar da ta rage tsakanin tsakiyar ƙwallo da tsakiyar baki da guntun kara, ka karya karan daidai nan. Ka koma ƙofar direba, inda aka ɗiga fenti a dokin ƙofar mota. Ka ajiye karan a ƙasa daga saitin ɗigon zuwa baya, ka sa dutse a ƙarshensa. Ka shiga, ka sauke gilashi ko ka ɗan buɗe ƙofa, ka ja da baya har ɗigon fenti ya zo saitin dutse. Iya abin da ƙofa ta matsa, iya shi ƙwallo ya matsa. Abin da ba ka iya gani a baya an kawo maka shi kusa da ƙafarka.

Ramadan: jerin aiki ɗaya, kullum

Cikin azumi, bayan La'asar, Baba yakan jona ya cire sau ɗaya ko biyu, ba don zai je ko'ina ba. Ya tsayar wa kansa jeri, ya rubuta a kwali ya liƙa a cikin ƙofar tirela.

Kafin ya taɓa mota, weji da hambirki. Sannan ya murɗa ƙaramar taya har bakin ya fi ƙwallo tsayi da yatsa uku, ya gwada da sandar da ya yi wa tsaga a daidai tsayin. In ya matso ya tsaya, hambirki, fakin, ya kashe mota ya sa makulli a aljihu, don ba ya shiga tsakanin su biyun inji yana aiki. Igiyar ƙarfe ita ce farkon abin da yake maƙalawa. Sai ya sauke baki har ya ji ƙara, ya duƙa da tocila ya ga alama.

Daga nan sai gwajin da ya zama zuciyar aikin duka. Maimakon ya naɗe ƙaramar taya, sai ya sake murɗa ta ƙasa kamar mai son ɗaga bakin daga ƙwallo. In baki bai kulle ba, zai tashi shi kaɗai ya bar ƙwallo. In ya kulle, gindin motar ne zai biyo shi. Na sha tsayawa ina kallo: yana murɗawa, hannun yana ƙara nauyi, sai ka ga bodi ya ɗaga yatsa biyu, rata ta buɗe tsakanin taya da bodi, ƙarfen ƙasa ya yi ɗan kuka. Sai ya gani da idonsa sannan yake mayarwa, ya naɗe tayar har ƙarshe ya matse ta. Da ya yi wannan ranar 9 ga Sha'aban, da bakin ya tashi a hannunsa a tsakar gida.

Wuta yana duba ta shi kaɗai. Sigina ya kunna ta hagu ya zagaya ya gani, ya kunna ta dama ya zagaya, don fitilar gargaɗi mai kunna duka biyu ba ta nuna ko an juya wayoyi. Birki kuma ya tokare shi da sanda daga kujera. Sai ya saki hambirkin tirela, ya kwashe weji, ya ja gaba mita uku ya taka birki ya saurara.

Mun auna nauyin da wuyan ke ɗora wa ƙwallo sau ɗaya, da sikelin awon mutum da guntun katako a tsaye ƙarƙashin baki. Ya nuna kilo 75, ƙasa da iyakar da aka buga a jikin bakin. Ƙwallon yana shafa masa giris kaɗan, in an cire ya kife masa gwangwanin tumatir, don giris da ƙura in sun haɗu gurza ƙarfe suke yi.

Doki shi ne ƙarshe, bayan an gama komai. Tirelar da ba a jona ba in doki ya taka ƙofar baya tana iya ɗaga hanci sama ko ta gangara da shi, kuma ba a cire ta daga mota yana ciki. Gurbin da ake sa shi ma an canza. A Ingila ta gefen hagu na titi ake tuƙi, doki ɗaya a gurbin dama ake sa shi, wajen tsakiyar titi, don titi yana gangarawa zuwa gefe. Nijeriya ta koma bin gefen dama na titi tun 1972, don haka a nan gurbin hagu ne nasa. Yaron a dama yake sa shi, yadda ya ga an yi a inda aka sayo ta. In ya shiga, ƙarfen da ke tare shi ta baya ake fara rufewa kafin a ɗaure ragama, wajen fita kuma a kwance ragama tukuna.

A goman ƙarshe, jonawa a gida tana cinsa minti shida zuwa bakwai, da saukowa ɗaya.

Ranar Sallah

Ya jona bayan Asuba, ya shigar da akawal, suka isa Zariya da hantsi. Bayan ya sauke dokin ya ɗaure shi a gidan da tawagar ke sauka, sai ya cire tirelar don ɗansa ya kai iyali gaishe-gaishe da motar. Wurin rairayi ne, ya sa falanki ƙarƙashin ƙaramar taya. Da yamma ɗan ya ajiye mota ya wuce da abokansa. Yara suka taru kallo, sai da Baba ya jera su jikin bango can gefe kafin ya kunna mota. Gora, kara, dutse. Saukowa uku, minti tara. Gindin mota ya ɗaga. Suka iso gida kafin Isha'i.

Abin da lamarin ya nuna

Baba ya shafe wata guda yana yaƙi da abin da bai fi komai haɗari ba. Saita ƙwallo da baki shi ke cin rai, shi ke sa gumi, amma in ka kuskure shi lamba ce za ta lanƙwashe. Abin da ke kashe doki ko ɗan mutane shi ne bakin da ya zauna bai kulle ba, kuma wannan ba ya nuna kansa. Da gora ta rage masa wahala ma, sai ta ƙara masa gaggawa.

Waya da kyamara sun gaza ne don ido kawai suka nemi maye, ido kuwa ba shi ne babban abin da yaron ya tafi da shi ba. Ya tafi da sanin halin wannan tirelar, har da aibin da yake rufewa da tsalle ba tare da ya san aibi ne ba. Ban ga laifinsa ba. Ba wanda ya taɓa nuna masa lambar da ke kan ƙwallo, kuma maigidan da ya kamata ya sani bai taɓa saukowa ya duƙa ba. A ganina tafiyar yaron ce ta tona abin da zai iya fashewa wata rana a kan titin Kaduna, da gudu, da doki a ciki. Duk mai motar Amurka da tirelar Turai, ko akasin haka, ina roƙonsa ya goge ƙwallonsa yau ya karanta.

Cikin duk abin da aka yi, canjin ƙwallo shi ya cire cutar, gwajin ɗaga gindin mota kuma shi ne kaɗai ke ba da shaida a kowace fita. Daɓe da layi da dutse sauƙi suka kawo, kuma sauƙin yana da amfani, don mutumin da bai gaji ba, bai fusata ba, shi ke da haƙurin duƙawa ya duba.

Akwai abin da bai warware ba. Shigar da doki shi kaɗai yana yiwuwa ne don akawal mai sanyin hali ne. Ranar da ya yi gardama a bakin ƙofa, mutum ɗaya ba zai riƙe kai ya kuma rufe baya ba, kuma Baba ya yarda cewa ranar sai ya nemi hannu ko ya fasa. Sannan mako biyu bayan Sallah, da yake yanzu ya saba duƙawa, ya ɗaga robar da ke shimfiɗe a ƙasan tirelar ya soka sukundireba a katakon. A kusurwar baya ta dama, inda fitsarin shekaru ya taru, ƙarfen ya shige kamar a cikin rogo dafaffe. Tirelar tana wurin kafinta yanzu ana cire katakon gaba ɗaya, kuma ya mayar da gayyatar hawan angwanci biyu har sai an gama.